Hannun Illa Wanzami

…sumul, wallahi sumul. Na sake shafawa da babban yatsa, babu komai. Delu, da kina raye da kin yi dariya har kin riƙe ciki: mijinki Illa, wanzami ɗan wanzami, zaune kan bencin asibiti cikin mata masu goyo, hannun dama a aljihu kamar wanda ya saci goro.

Tusar jaki… sunan ma abin kunya. Ƙwaya ɗaya ta fara fitowa a yatsa, ta bazu har bayan hannu. Me ban yi ba? Na ɗaure ta da gashin wutsiyar doki, na yanke da askata — ni da nake yi wa rabin Birni ƙaho — sai ta dawo da danginta. Mata suka koma cewa a kira Kyari. Kyari! Mutumin da ke aski kamar yana sassabe.

Ban ga laifinsu ba. Wa zai miƙa wa irin wannan hannu kan jinjiri ranar suna?

Amma Sakina… 'yarmu, Delu, da cikinta na fari, ta dubi hannuna ta sunkuyar da kai. Abin da ya kai ni asibiti ke nan.

Likitan ɗan Dahome ne. Allura ya fara yi, wurin ya mutu, sannan ya ɗauko wani ƙarfe mai jan baki, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙaurin fatata nake ji, zafi babu. Ina ta kallon yadda ya riƙe ƙarfen… gwani ne, na yarda, amma ban gaya masa ba. Wai kada in jiƙa, kada in ɓare ɓawon. Ni ake koya wa jinyar miki? Na kuwa bi, ko alwala shafa nake bisa ƙyallen da ya ɗaura mini.

Can bakin kasuwa ana ta kiɗa, an samu 'yancin kai, sabuwar tuta — madalla. Ni tawa murnar ga ta nan, 'yan tabo fari-fari. Daɗi nake ji, Delu, daɗi kamar ranar da babana ya rataya mini zabira.

Namiji Sakina ta haifa, yau suna. An yanka rago, goro na zagaya zaure, askata na wasa ta tun jiya. Ga Kyari can gefe da zabirarsa a kafaɗa, wai taya murna ya zo. Da zabira? Wa ya aika masa — surukai? Ko Sakina?

An ɗaga labule. Ungozoma ta fito da yaron cikin zane, tana dube-dube… ta wuce Kyari ne, ko idona ne? Na miƙa hannun a buɗe, kowa ya gani. Sumul yake, Delu, sumul — a miƙo mini jikana in yi masa aski…