Takardun da Ba a Cike Ba

Sakatariyar ƙungiyar teloli ta sake zube takardun a kan tebur, ta raba su gida biyu. Wata guda ke nan da aka rarraba wa mambobi tambayoyi, don a ji abin da suke so a sa a tsarin shekara biyar. Mutum ɗari biyu sun cike nasu, yawanci sun zaɓi a gina babban zauren taro. Tamanin kuwa sun dawo da nasu fes, sai sa hannu kawai a ƙasa.

Shugaba ya leƙo daga ƙofa. "Waɗannan ba su da ra'ayi, ki rubuta haka. Ƙarfe huɗu kwamiti zai amince da zaure."

Har ta ɗauki biro, sai ta hangi sa hannun kawunta a cikin tarin. Kawu ne ba shi da ra'ayi? Mutumin da in ka ɗinka maɓalli a karkace sai ya yini yana yi maka lacca? Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Duk tsofaffin hannu ne a sana'ar.

Ta hau bas zuwa shagonsa. Ta same shi ya duƙa a kan keken ɗinki, hancinsa kamar zai taɓa allura, zare sai zillewa yake ta gefe. Da ya ji motsi ya miƙe da sauri.

"Kawu, me ya hana ka cike takardarmu?"

"Ke 'yar nan, aiki ya yi min yawa."

Ta dubi igiyar rataye kaya. Riguna biyu ne kacal a kai. Shi ma ya bi igiyar da kallo, sannan ya sassauta murya.

"Rubutun naku kamar tururuwa. Kuma tela ya ce idonsa ya yi rauni, wa zai ƙara kawo masa yadi? In na je asibitin ido, kafin in dawo duk layin nan sun ji. Ko innarki ban gaya wa ba."

Tausayi ya kama ta, ga kuma kunya, domin ita ce ta matse rubutun don ya shiga shafi ɗaya. Ta leƙa wasu shaguna shida, tana karanta musu tambayoyin da baki. Ba wanda ya ambaci ido. Kowa dai ƙorafin ƙarancin haske yake yi, alhali rana tana tsaka.

Ƙarfe huɗu ta tsaya gaban kwamiti. Ta ce a kawo likitan ido duk bayan wata uku, a duba kowa da kowa, matasa da tsofaffi, don kada a nuna wani da yatsa.

Shugaba ya ɗaure fuska. "Bincike zaure ya ce. Ina hujjarki?"

Ta tura masa tarin takardu tamanin, yadda shi kaɗai zai ga takardar da ke sama. Ya nisanta ta da fuskarsa, ya ƙanƙance ido. Ƙaton sa hannun da ke ƙasa nasa ne.

Ya kife takardar a hankali, ya ɗora tafinsa a kai.

"To, zaure ai ba gudu zai yi ba," in ji shi. "Ki sa maganar likitan a farko. Kuma ki rubuta da manyan baƙaƙe."