Kujerar Gefen Soket

"Cire!" in ji tsohon, idonsa a kan farantin wayoyin cikin rediyon da ya buɗe.

Ba wanda ya motsa. Ya waiwaya, kujerar gefen soket wayam. Sai ya tuna tun safe 'yarsu ta kawo masa sabon injin dalma na liƙe wayoyi, ta nuna masa maɓallin tana cewa, "Baba, ka sa zafin da kake so kawai, shi zai riƙe kansa. Mama ta huta."

Shekara talatin da takwas yana ɗaure da wannan rediyo da yake hira ta cikinsa da mutanen nesa, waɗanda bai taɓa ganin fuskarsu ba. Tsohon ƙarfen dalmarsa kuwa bai san ya isa ba: in ka bar shi a wuta, sai ya ƙona farantin da abin da ke kai. Saboda haka matarsa ce ma'auninsa. Tana zaune da tsefe ko ɗinki, ya ce cire, ta zare filogi. Ya ce saka, ta mayar. A tsakanin cire da saka suka zaɓi makarantar yara, suka yi faɗa, suka shirya, suka ci naman maƙwabta son ransu. Ranar da ta yi fushi da shi kuwa, sai ta yi kamar ba ta ji ba har hayaƙi ya tashi.

Sabon injin, gaskiya, ba shi da laifi. Dalma na narkewa sumul, tana kwanciya tana ƙyalli. Aikin da kan ci masa yini ya ƙare kafin azahar. Abin da ya ba shi haushi ke nan. Ɗakin ya yi tsit, kuma kewarta ta kama shi kamar ta yi tafiya, alhali ga ƙarar talabijin ɗinta nan daga falo.

Ya leƙa. Tana zaune ta zuba wa shirin girki ido, ita da ta tsani shirin girki.

"Ya sabuwar amaryar taka?" ta tambaya, ba ta ko dube shi ba.

"Ba ta magana."

"Ai abin da kake nema ke nan tun muna yara."

Ya koma ɗaki. Ya kamo wata waya a cikin rediyon da lafiyarta ƙalau, ya cire ta daga mazauninta don dai ya sami abin gyara. Lambar zafin injin na nan ja, ɓaro-ɓaro, ɗari uku da ashirin. Ya yi gyaran murya.

"Ke, tsohuwa! Zo ki duba min lambar nan, idona ba ya kamawa."

Sai da ta ja masa rai kafin ya ji takunta. Ta shigo tana mita, wai mutum ba zai huta ba a gidan nan, ta ja kujerar ta zauna daram. Tabarau ɗinta na can falo, kuma ya san in babu shi ko agogon bango ba ta iya karantawa. Ta ƙanƙance ido, ta daɗe tana kallon injin.

"Ɗari uku da hamsin, Malam."

Ya dubi lambar, ya dube ta.

"Daidai," ya ce. "Ki sa ido, kar ta wuce."