Tudun Gogo Salihatu

Shekara tara Gogo Salihatu tana toya masa a bakin titin da ya fita daga Kontagora zuwa Kaboji, daidai wani tudun rage gudu mai farin fenti. Tudun nan shi ne kasuwarta. Kowace mota ta zo sai ta taka birki, fasinjoji su miƙo hannu ta taga, ita kuma ta miƙa masa da zafinta.

Da aka zo gyaran titi, gireda ta share tudun. Aka shimfiɗa sabuwar kwalta, sumul. Motoci suka riƙa wucewa fuu, sai dai iskarsu ta kaɗa mayafinta. Kwana shida tana komawa gida da ƙullu ya yi tsami a bokiti.

Ranar Laraba Mailafiya ya tsaya. Ɗan yayanta ne, ɗan kabu-kabu, shi ke kawo mata shinkafar masa daga Kaboji.

"Gogo, titi ya yi daɗi! Yanzu ko birki ba na taɓawa."

"Ku ya yi wa daɗi, ja'iri. Mu fa, kwalta za mu ci?"

Ya yi dariya, ya cusa masa biyu a baki. "Gobe da sassafe shinkafarki na nan tafe."

Bayan ya tafi, ta juya wajen Bashira, mai awara da ke zama kusa da ita. "Mu mayar da tudunmu."

Washegari, da aka idar da sallar asuba, suka kwashi ragowar baƙar tsakuwar da ma'aikata suka bari a gefe. Kwano-kwano suka jera ta a kan titi daga wannan baki zuwa wancan, suka daddaɓe da turmi kife. Tudun ya tashi, baƙi a kan baƙi.

"Gogo, mu sa tsohuwar taya ko reshen bishiya, a san da shi," in ji Bashira.

"Mu sa alama, masu titi su hango su zo su share? Bar shi haka."

Motar farko ta daki tudun, direban ya leƙo yana zagi. Ta biyu ta rage gudu, aka sayi masa. Gogo ta ƙara mai a tanda.

Wajen ƙarfe bakwai ta hango babur daga nesa, da buhu ɗaure a baya. Ta gane jar hular Mailafiya. Sai a lokacin ta tuna ba ta gaya masa ba. Ta miƙe tana ɗaga hannu, tana kiran sunansa. Shi ma ya ɗago mata hannu ɗaya, yana gaisuwa.

Babur ɗin ya daki tudun, ya yi sama. Buhun ya fashe, shinkafa ta watsu fara fat a kan kwalta.

Kafin azahar aka yi jana'izarsa. Mutanen unguwa suka ce gangancin 'yan kabu-kabu ne. Suka ce ai tudun ma ya yi kaɗan, suka ƙara masa siminti, suka shafa farin fenti.

Bayan sadakar bakwai Gogo ta dawo bakin titi, don gida ba abinci. Motoci na tsayawa yanzu, fiye ma da da. Bashira ta matsar da teburinta can nesa, ba ta ƙara kallon inda Gogo take ba.

Wata bas ta taka birki. "Mai masa! Yi sauri mana, Baba!"

Ta tashi ta miƙa. Ƙarƙashin silifas ɗinta, a tsagar bakin kwalta, har yanzu akwai ƙwayoyin shinkafa.