Malafar Mai Majigi

Duk wanda ya ce muku "Bazawarar Kogi" fim ne mai kyau, ko dai bai gan shi ba, ko kuma daga birnin São Paulo ya zo. Ni Nadir na fi shekara arba'in ina sayar da gugguru a gindin bangon da ake haska shi, don haka babu mai ba ni labari. Jinin da ke ciki miyar tumatir ce, daga tukunyar uwata aka ɗebo ta. Kadan da ke cinye mutane kuwa tsohuwar katifa ce aka shafa wa koren fenti, in ka lura da kyau za ka hangi silifas ɗin ƙanena a ƙarƙashin wutsiyar. Wani ɗan birni mai dogon gashi ne ya zo garinmu Brejo Fundo ya harhaɗa abin a gurguje, ya aiko mana da gwangwanayen fim ɗin, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Abu ɗaya ne na gaske a ciki, wato ƙawata Zuleica. Ita ce bazawarar da ke fitowa daga kogi tana yaudarar direbobin manyan motoci, in sun biyo ta ta tsotse musu jini. Lokacin tana budurwa, kuma akwai wurin da take fitowa daga ruwa ba komai a jikinta sai gashinta.

To, wannan wurin ba a taɓa ganinsa a bangonmu ba. Ranar da aka fara haska fim ɗin, mai majigin garin wani siririn saurayi ne, Anacleto. Kan Zuleica na ɓullowa daga ruwa sai ya cire malafarsa ya kifa a idon majigin. Bango ya yi duhu, sai ƙarar ruwa da kiɗa da ihun direba. Aka zage shi, aka jefe shi da ɓawon lemo, ko gezau. Kafin shekarar ta ƙare ya aure ta. Tun daga nan, duk bikin watan Yuni sai an haska fim ɗin a bangon sito na kofi, kuma duk shekara sai malafa ta sauka.

Ba su gani ba, amma kowa da ra'ayinsa. Olegário mai aski ya sha rantsuwa cewa abin da ke bayan malafar nan ya isa ya sa mota ta faɗa rami. Matan mawaƙan coci, Dona Eulália, wato uwargida Eulália, ce shugabarsu, kullum cewa suke Allah ya yi wa malafa albarka, amma su ne ke riga kowa kama kujerun gaba. Kowa ya cika duhun da abin da ke ransa, Zuleica kuma ta ɗauki nauyin. An cire ta daga mawaƙa. Mata na janye mazajensu in ta shigo kasuwa. Har yau "Bazawara" ake kiranta, ga mijinta da ransa yana cin wake. Abin yana ƙona min rai, ita kuwa sai ta ƙara ɗaga kai.

Daga baya fim ɗin ya faɗa intanet, ba malafa ba komai. Sai ga yaran birni suna zuwa mota-mota, sanye da baƙaƙen riguna masu hoton fuskar Zuleica. Wani mai ɗan kunne a hanci ya tsaya gaban keken gugguruna yana min bayani wai kadan nan yana nufin mulkin soja.

Na ce, "Katifa ce, ɗana."

Ya ce, "Ai nan gwanintar take, Dona Nadir."

Na miƙa masa guggurunsa. Abin dariyar shi ne, su da suka riga suka ga komai a waya, malafar suke zuwa kallo. Manyan garinmu kuwa suka ƙi leƙa waya. Olegário ya ce shi ba zai bari akwatin ashana ya ɓata masa abin da ya daɗe yana gani a kansa ba.

Bana ne abin ya canza. Ciwon suga ya kama idon Zuleica, likita ya ce mata ganin da ya rage ba zai kai baɗi ba. Ina kicin ɗinta, tana tsince wake da lalube, ta ɗaga murya don tsohon ya ji daga baranda.

"Anacleto, bana ka bar malafarka a kanka."

Ya leƙo. "Wace malafa?"

"Ta uwarka. Ina so in ga kaina."

"Ga jikarki da waya, ta nuna miki mana."

"Ban shiga kogin nan da sanyin asuba don a gan ni kamar ƙuda ba. A bango nake so, a gaban Eulália da Olegário da duk mai baki. Sun daɗe suna zagina a kan abin da ba su gani ba. Su gani, ni ma in gani, sai mu yi magana."

Ya ce, "Matata ce za a kalla."

Ta ce, "Matarka ce ga ta tana tsince maka wake, ba haƙori. Waccan yarinyar ba ta ma san ka ba."

Ya dube ni wai ko zan taya shi. Na ce masa ni gugguru nake sayarwa. Ya ɗauki sandarsa ya fita, har ranar biki bai ce eh ba, bai ce a'a ba.

Rana na faɗuwa fili ya cika. Na tura kekena kusa da teburin majigi, don na san nan za a yi ta. Zuleica ta zo da jar riga, jikarta na riƙe da hannunta, ta sa aka ajiye mata kujera dab da injin. Anacleto ya zo da tsohuwar malafar, wadda ba ya sawa sai ranar.

Aka fara. Kada ya fito, yaran birni suka yi ta tafi suna kiran silifas. Direba ya tsayar da mota a bakin kogi. Kiɗan nan ya taso, sai filin ya ɗauka baki ɗaya: "Malafa! Malafa!"

Anacleto ya cire ta. Hannunsa ya nufi idon majigi kamar yadda ya saba. Sai ya wuce, ya ɗora ta a cinyar matarsa.

Zuleica ta fito daga ruwa, tsawonta ya kai rufin sito.

Ban taɓa jin garinmu ya yi shiru haka ba. Ba zan faɗa muku abin da na gani ba, ku zo baɗi. Abin da zan ce kawai, ba jikin ne ya kashe bakin mutane ba, tafiyar ce. Tana takowa kamar kogin nata ne, mu kuma baƙi. Na ji Dona Eulália a gaba tana ce wa ta kusa da ita, "Da ni ce da wannan, ni ma da na shiga kogin." Olegário ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Na juya in yi wa ƙawata murna, sai na ga ta miƙa wuya tana ƙanƙance ido.

Ta ce a hankali, "Tsoho, haske kawai nake gani."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji kamar in kife keken. Mun makara.

Anacleto ya durƙusa a gefenta da gwiwoyinsa masu ciwo, ya ba bango baya. Ya ce, "Yanzu ruwan ya kai miki ƙugu. Kin ɗaga hannun hagu kin kawar da gashi daga ido. Ga ganye ya manne miki a kafaɗa, ba ki sani ba. Yanzu za ki taka dutse ki ɗan yi tuntuɓe, ki kusa yin dariya, ki danne."

Na dubi bango. Ta taka dutsen, ta yi tuntuɓe, ta danne dariyar.

Zuleica ta laluba ta kama kunnensa. "Kai da kake rufewa, a ina ka gani?"

Ya ce, "In aka kifa malafa, ina kike zaton hoton yake faɗawa?"

Ta juya malafar ta sa hannu a ciki tana shafa wurin da zafin fitila ya ƙona. A bango direba na ta ihu, miyar uwata na kwarara, yaran birni na tafi.

Ta ce, "Ɓarawo. Duk shekarun nan kai kaɗai."

Ya ce, "Ni kaɗai."

"To ci gaba, kada ka tsallake komai. Na yi kyau?"

Bai waiwaya ba. Ya ci gaba da faɗa mata, ita kuma ta riƙe malafar da hannu biyu, ba ta mayar masa ba.