Koriyar Jesi Mai Lamba Ɗaya

Shekara tara Kawu yana tsaron ragar Guguwar Roni, biyar daga ciki matarsa Ma'u ce ke wanke masa koriyar jesinsa mai lamba ɗaya. Da yake tela ce, ita ta ɗinka masa soso a gwiwar hannu, don filin nasu tsakuwa ce zalla. Ƙungiyar dai ba ta cin kowa. Shekara uku a jere su ne na ƙarshe, har 'yan acaɓa kan tare shi a tasha: "Gola, jiya guda nawa ka kwaso daga raga?" Ya yi dariya ya wuce, ya zo gida ya kasa cin tuwo.

Sai aka kawo sabon koci daga Kazaure, Malam Sheriff. Wasa biyu ya kalla, sannan ya tara su.

"Ba ƙwallo ce ba ku iya ba," in ji shi. "Daga gona kuke wucewa fili, ƙafa ta riga ta mutu. Ku duba, duk cin da ake muku bayan hutun rabin lokaci ne."

Ya mayar da atisaye bayan sallar Asuba. Ya bi gida-gida yana roƙon iyaye su ɗaga wa 'ya'yansu noma ranar wasa. Doka ɗaya ya kafa: wanda ya rasa atisaye uku, benci.

Da Ma'u ta ji dokar, ta san za ta shafi mijinta. Tun da ciwon ƙafa ya kwantar da Baffa, surukinta, Kawu ne ke kora shanu mashaya da sassafe.

"Baban Amna, ni zan tsaya wa tatsa, ka tafi."

"Tatsa kam kin iya. To hanyar fa? Gero ya yi kai. Saniya ɗaya ta faɗa gonar mutane, kin san abin da zai biyo baya."

Kafin wata ya ƙare Kawu ya rasa atisaye uku. Aka sa Zaharadeen, wani siririn ɗan wasa, a raga. Guguwa ta ci Yankwashi biyu da nema, ta je Gwiwa ta ci, ta dawo ta lallasa Kanya Babba. Garin ya ruɗe. Kawu na benci yana tafi har tafin hannunsa ya yi ja.

Ranar wata Laraba Ma'u ta goya Amna, ta tsaya a bakin fili har aka tashi.

"Ina kwana, Malam. Ni ce matar Kawu. Turakun ragar nan da kake gani, daga gonarsu ya saro su. Lokacin da ake musu dariya bai gudu ba. Yanzu da abin ya yi daɗi ne ba shi da wuri?"

Sheriff ya cire hularsa ta rana ya riƙe. "Maman Amna, wallahi ya fi Zaharadeen hannu, ban ɓoye ba. Amma in na ɗaga masa yau, gobe mutum goma za su zo mini da shanunsu. Mun koma inda muka fito ke nan."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta san ba ƙarya ya yi ba.

Ana saura kwana biyu wasan ƙarshe a Ɓaɓura, Kawu ya shigo da la'asar ya ajiye jesin a kan keken ɗinkinta.

"Ki rage ta. Ta yi wa Zaharadeen yawa, tana harɗe shi in ya yi tsalle."

"Koci ne ya aiko ka?"

"Ni na ce zan kawo. Tasa baƙa ce, kalar 'yan Ɓaɓura, alƙalin wasa ba zai yarda ba."

Ta zauna. Ta ninke yadin ta ciki, gefe da gefe, ta bi da ɗinki mai faɗi wanda za a iya warwarewa daga baya. Yana tsaye yana kallo.

"Me ya sa ba ki yanke ba?"

"Bayan girbi shanu za su sami hanya. Sai in sake maka ita."

"Bayan girbi kuma Baffa zai miƙe?" Ya shafa ninkin da yatsa. "Wannan tudun zai goge masa haƙarƙari in ya faɗi. Wasan ƙarshe ne, Ma'u. Yanke."

Ta ɗauki almakashi. Sau biyu ta kai ta fasa, a na uku ta yanke.

Ran Juma'a bayan Magariba ta jiyo ham ɗin babura tun daga bakin gari, ana ihun an ciyo kofi, ana kiran sunan Koci Sheriff. Kawu bai je Ɓaɓura ba, saniya ce ta haihu. Yana tsugunne a tsakar gida yana wanke hannu.

"Sun ci," ta ce.

"Alhamdu lillahi." Ya ci gaba da cuɗa hannun da ya riga ya fita. "Soson gwiwar dai kin bar masa ko?"

"Na bar masa."

Ta shiga ɗaki. Korayen ƙyallayen nan biyu na nan a ƙarƙashin keke, Amna ta jawo ɗaya tana wasa da shi. Ta karɓe a hankali, ta ninke su ta sa a ƙasan akwati.