Aloberar Mijin Yaya

Tun da aka sallamo ni daga asibiti da karyayyar ƙafa, Yaya ta ajiye ni a ɗakin bene, ta kasa ta tsare. Hatsarin da ya karya ni shi ya tafi da mijinta, mota ɗaya muke. Ba ta kuka a gabana, abinci kawai take ɗura mini, in na ce na ƙoshi ta ƙara cokali. Sandunan da likita ya ce in riƙa dogarawa kuwa, ta cilla su saman sif.

"Ina za ka? Wanda ya fita ai bai dawo ba," in ji ta.

Duniyata ta koma gado da taga da tukunyar alobera a bakin tagar. Ta marigayin ce. Mai walda ne, in ƙarfe ya ƙone shi sai ya karyo ganye ya shafa, yana cewa ga likitan da ba a bin layi a wurinsa. Kayan aikinsa 'yan'uwansa sun kwashe, wannan kaɗai suka raina suka bar mata.

Mai zaman banza shi ke ganin komai. Ganyen da na sani a miƙe suka fara laushi, suka yi rawaya, ƙasar ta soma wari kamar tsumman da aka manta a bokiti. Dalilin ma a gabana yake faruwa. Kullum da yamma, daidai lokacin da marigayin ya saba dawowa daga aiki, Yaya za ta cika kofinsa na silba yadda ta saba kai masa, ta tsaya jim, sannan ta juye a tukunyar. Abin yana cin raina, amma da wane baki zan faɗa?

Ranar da ganye ɗaya ya zube da kansa na kasa haƙuri.

"Yaya, ruwan nan ne ke kashe ta."

"Ruwa? Kai da ka sha magani sai surutu. Ruwa ke kashe shuka?"

"Miƙo mini ki gani."

Ta shimfiɗa jarida a cinyata, na kife tukunyar. Taɓo ya zubo, saiwoyin sun yi baƙi, suna narkewa a yatsa. Yaya ta dafe ƙirji, ta zauna a bakin gado ba ta shirya ba. Na sa reza na yanke duk ruɓaɓɓun. Can ƙasa na tarar da wasu 'yan farare masu ƙwari, na nuna mata.

"Za ta rayu?"

"In kin ƙyale ta. Ta sha iska tukuna, sannan a sa ta cikin busasshen yashi. Ruwa kuma ko ɗigo, sai ƙasar ta bushe ƙamas."

Ta gyaɗa kai, ta kwashe taɓon ta fita.

Da yamma na ji takunta a matakala. Ta shigo da kofin cike, sai da ta iso taga ta tuna. Ta dubi shukar kwance a kan jarida, ta dube ni.

"To Auta, wannan fa? Ina zan kai shi?"

Tausayinta ya kama ni. Ba ƙishirwa nake ji ba, kuma na san abin da nake jawo wa kaina, amma na miƙa hannu na karɓa na shanye.

Ta goge bakin kofin da gefen zanenta.

"Gobe ma war haka," ta ce, ta ja mini ƙofa.