Makarantar da Ake Shinshina Darasi

Jiya bayan azahar ina kishingiɗe a shago barci ya sace ni, na yi wani mafarki. Da safen ranar na sallami Tabawa, matar da nake koya wa ɗinki. Dokata ita ce babu mai taɓa keke sai ya haddace sunayen sassansa, ita kuwa ko ɗaya ya ƙi zama a kanta. Ta roƙe ni, ta ce da ɗinkin nan take son ciyar da marayunta. Na ce mata kanta ba ya ɗauka.

A mafarkin ni ce ɗaliba. Makarantar tana kan wata kuka, ruwan sama yana tasowa daga ƙasa, don haka kowa taka lemarsa yake yi. Shugaban makarantar bunsuru ne mai tabarau. Ya karɓi takardata ya cinye, ya ce an yi mini rajista.

Malamarmu zabuwa ce. Ta shigo da ƙwarya a rufe, ta ce darasin yau ɗinka inuwa. Aka zagaya da ƙwaryar, kowa ya shinshina ya gyaɗa kai. Kunkurun da ke kusa da ni yana shinshinawa ya yi wa inuwarsa aljihu. Da aka zo kaina na shaƙa iya ƙarfina. Daddawa na ji.

Na ce, "Malama, a yi mini bayani da baki mana."

"Baki na cin abinci ne," in ji zabuwa. "Sake shinshinawa."

"To a nuna mini in gani."

"Haka muka tarar ana koyarwa. Kowa ya gane sai ke?"

Sai ga ni a ofishin bunsuru. Ya ce ba shi da abin cewa, duk wanda hancinsa ba ya ɗauka benci ake mayar da shi. Bencin da nake zaune a kai ya yi gyaran murya ya ce, "Sannu, Hajiya. Ni ma a da ɗalibi ne, da ido nake ganewa."

Ƙafafuna suka fara zama katako. Na ji tsoro, amma haushi ya fi yawa, domin na san da za a bar ni in sa hannu, da na iya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni allurar in gwada."

Bunsuru ya ce, "Ba a taɓa allura sai an iya ɗinki." Ya aika a kira kafinta ya zo ya goge ni.

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta tashe ni. Na shafa gwiwoyina, na ji nama. Na yaye zanen da na rufe keken da shi, na zura zare, na ɗauki mayafi na fita neman Tabawa. A hanya abu ɗaya nake tsoro, kada ta riga ta yarda da abin da na gaya mata.